Yadda Ake Cincin da Kek Ɗin Kirsimeti a Sanyin Hunturu, Ko Babu Obin

Kirsimeti kullum a tsakiyar hunturu yake faɗowa, kuma sanyin nan da bushewar iska su ne ke ɓata wa sabuwar hannu aiki. Bota ta daskare, man gyaɗa ya yi barci a galan, kwaɓi ya fara tsagewa tun ba a gama murza shi ba, iska kuma tana kaɗa wuta gefe guda. A garuruwa irin su Jos, Kafanchan da Zonkwa, inda safiyar Disamba ke sa yatsu ƙagewa, haɗin da ya yi kyau a watan Afrilu sai an ɗan sauya masa hannu kafin ya yi kyau a Disamba.

Ki tsara aikin bisa abin da ya fi daɗewa bai lalace ba. Cincin tsakanin 15 da 20 ga Disamba. Jiƙa 'ya'yan itacen kek a daren 21, gashi ranar 22 ko 23. Nama ranar 24. Shinkafa da miya ne kawai za su rage wa safiyar 25. Masu tara komai a jajibere su ne ke zuwa majami'a da ido jajur, da cincin rabi ɗanye rabi ƙonanne.

KAYAN AIKI

Babbar roba ta kwaɓi, rariya, muciya ko ludayin katako, katakon murji da abin murzawa (wankakkiyar kwalba tana yi), wuƙa mai kaifi, kasko mai zurfi, matsami, kwando, faffaɗan faranti biyu, tsumma mai tsabta, da bokiti ko roba mai murfin da ke rufuwa gam.

Don kek: gwangwanin gashi mai faɗin santimita 20 da zurfi sosai, takardar gashi, tsinke, babbar tukunyar dalma mai kauri wadda gwangwanin zai shiga ya bar fili a gefe, yashi, da gawayi. Tsohuwar tukunya za ki ɗauka, don yashi yana dusar da cikinta. In akwai obin, shi ke nan an huta da tukunya.

Maganar awo: duk inda na ce kofi, ina nufin mai ɗaukar mililita 250, a cika shi a shafe bakinsa da wuƙa, ba a danna ba. Kada ki dogara da mudu, don mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. In kina da sikeli, ya fi komai.

KAYAN HAƊIN CINCIN

Fulawa kilo 1, wato kofi 8
Sukari giram 250, kofi 1 da kwata
Bota giram 200
Ƙwai 2
Madarar ruwa ƙaramin gwangwani 1
Bakar hoda ƙaramin cokali 1
Gyaɗar ƙamshi gurzajjiya ƙaramin cokali 1
Gishiri rabin ƙaramin cokali
Ruwan ɗumi kamar rabin kofi
Man gyaɗa lita 2 na suya

KAYAN HAƊIN KEK

Bota giram 250
Sukari giram 200, kofi 1, da ƙarin cokali 4 na ƙonawa
Ƙwai 4 manya, ko 5 in ƙanana ne
Fulawa giram 300, kofi 2 da rabi
Bakar hoda ƙaramin cokali 1 da rabi
Zabibi giram 200
Dabino giram 200 bayan an cire ƙwallo
Baƙin shayi mai kauri kofi 1
Lemon zaƙi 1
Girfa, citta da gyaɗar ƙamshi, rabin ƙaramin cokali kowanne
Kanumfari dakakke guda 4, ɗan gishiri

Kafin komai ki gwada bakar hodar. Ki zuba rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi. In bai yi kumfa nan take ba, ta mutu, ki sayo sabuwa. Gwangwanin da ya kwana a kanta tun bara ba abin yarda ba ne.

KASHI NA FARKO: CINCIN

1. Ki tankaɗe fulawa da bakar hoda, gishiri da gyaɗar ƙamshi a roba, ki zuba sukari ki gauraya. Gyaɗar ƙamshi ki sayi ƙwayarta ki gurza da kanki. Wadda ake sayarwa a niƙe ƙamshinta ya riga ya gudu.

2. Ki sa bota ki murtsuka ta da yatsu cikin fulawar har ta ɓace, garin ya zama wara-wara ba curi ko ɗaya. In sanyi ya taurara ta, ki ɗora ledarta a ruwan ɗumi na minti 10, ko ki ajiye ta a rana kaɗan. Laushi ake so, kada ta narke ta koma mai.

3. Ki kaɗa ƙwai da madara, ki yi rami a tsakiyar garin ki zuba. Ki haɗa, sannan ki riƙa yayyafa ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan. A hunturu fulawa tana shan ruwa fiye da na damina, don haka rabin kofin nan zai iya ɗan gazawa. Ki ƙara cokali-cokali. Kwaɓin ya zama mai tauri amma ba ya tsagewa, kuma ba ya kama hannu. Da ya haɗe ki tsaya. Yawan cuɗa yana sa cincin ya yi taurin da tsofaffi za su ajiye shi gefe.

Babu madarar ruwa? Ki dama ta gari cokali 4 a ruwan da ya ɗan gaza kofi ɗaya. Babu ƙwai? A bar shi, a ƙara ruwa. Cincin marar ƙwai ya fi ƙaras-ƙaras, ya fi daɗewa, kuma ba ya sa mai kumfa sosai. Ni na fi son mai ƙwai biyun don laushinsa, amma wanda za a aika wa 'yan makaranta su tafi da shi a Janairu, marar ƙwan ya fi.

4. Ki rufe kwaɓin da leda ko tsumma mai ɗan danshi, ya huta minti 20. Hutun nan ne ke sa ya miƙe in ana murzawa, ba ya janyewa baya. Daga nan har ki gama, duk curin da ba ki aiki da shi ya zauna a rufe. Minti biyar a buɗe cikin wannan iskar ya isa ya yi ɓawo, ɓawon kuma yana tsagewa a wurin yanka ya zube cikin mai ya ƙone.

5. Ki raba shi gida shida. Ki murza kowane curi ya yi kaurin rabin santimita, ki yanka dogaye-dogaye, sannan ki gitta. Ki tuna zai ɗan kumbura a mai, don haka ki yanka ƙasa da girman da kike so. Abin da ya fi siffa muhimmanci shi ne girman ya zo ɗaya. In an haɗa manya da ƙanana a kasko, ƙananan sun ƙone manyan ba su nuna ba.

Nan ne ake yawan yin kuskure: a barbaɗa fulawa da yawa don kada yankakken ya manne. Wannan garin ne ke sauka ƙasan kasko ya yi baƙi, ya sa mai kumfa har ya yi ambaliya. Ki barbaɗa kaɗan, ki baza yankakken a faranti ba tare da tara shi tsibi ba, kuma kafin ki zuba a mai ki sa shi a rariya ki girgiza.

6. Mai kada ya wuce rabin kasko. Ki ɗora a matsakaiciyar wuta, ki jefa ƙwaya ɗaya ki gani. In ta nutse ta zauna shiru, mai bai yi ba. In ta yi ja nan take, ya yi yawa, ki rage wuta. Daidai shi ne ta nutse, ta yi 'yan daƙiƙoƙi, ta taso da ƙananan kumfa kewaye da ita. Mai ma'aunin zafi ta nemi digiri 170.

A tsakar gida kike suya? Ki kare murhun da kwano ko bulo ta ɓangaren da iska ke busowa. In ba haka ba gefe ɗaya na kaskon zai yi zafi, ɗayan ya huce, cincin ya sha mai.

7. Ki zuba daidai yadda zai yi yawo a cikin man. Ki bar shi minti ɗaya kafin ki fara juyawa, sannan ki riƙa juyawa a hankali ba ƙaƙƙautawa. Kasko ɗaya yakan ɗauki minti 5 zuwa 8. Ki kwashe tun launinsa bai kai yadda kike so ba, don yana ci gaba da yin ja bayan an tsame shi. Ki tsane a kwando, ki baza a faranti. Tsakanin kasko da kasko ki tsame ɓurɓushin da ya rage, ki jira man ya dawo zafinsa. In kumfa ta taso, ki rage yawan abin da kike zubawa. In man ya yi duhu, ki sauke, ya huce, ki tace.

8. Sai ya huce sarai kafin a rufe, awa biyu ko fiye. Ki lulluɓa farantin da siririn mayafi saboda ƙura. In aka rufe shi da sauran ɗumi, zufa za ta taru a murfi ta sauko ta jiƙa shi. Wanda ya huce da kyau a roba mai murfi yana kai sati uku zuwa huɗu, in yara sun bari. Ki ware na baƙi a wata roba daban, ki ɗora ta inda hannu ba ya kaiwa.

KASHI NA BIYU: KEK MAI ZABIBI DA DABINO

Asalin wannan kek daga Ingila yake, inda ake gasa shi makonni kafin biki a riƙa ɗiga masa barasa don ya daɗe. Namu da shayi da ruwan lemo ake jiƙa shi, saboda gidaje da yawa ba sa ta'ammali da barasa, kuma rabin kek ɗin gidajen maƙwabta Musulmi zai tafi. Sai dai ba ya daɗewa kamar nasu: kwana biyar zuwa bakwai a sanyin nan. Shi ya sa ba a gasa shi da wuri.

1. Daren 21. Ki ɓare kowane dabino ki duba cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda kika ga baƙin gari-gari kusa da ƙwallon, ƙwaro ya shiga, ki yar. Ki yanka sauran daidai girman zabibi. Zabibin ki tsince 'yan sandunan jikinsa, ki wanke sau biyu don yakan zo da yashi. Ki haɗa su a kwano, ki gurza bayan lemon a kai (saman kawai, farin cikin yana da ɗaci), ki matse ruwansa, ki zuba shayin da zafinsa, ki rufe ya kwana. Busasshen dabino irin wanda ake kawowa daga Nijar yana shan ruwa sosai, ki ƙara masa rubu'in kofi. Mai laushi irin na Makka ba ya bukata. Wadda ta manta ba ta jiƙa ba, ta tafasa su a shayin minti 10, ta bari su huce gaba ɗaya.

2. Ƙona sukari. Shi ke ba kek ɗin duhun launi da ɗan ɗacin nan mai daɗi. Ki zuba cokali 4 a busasshen ƙaramin kasko, wuta kaɗan, kada ki juya sai ya fara narkewa. Da ya kai launin shayin da ba a sa wa madara ba, ki sauke, ki ja da baya, ki zuba ruwan zafi cokali 4. Zai yi tsalle da tururi, kuma ƙunar sukari tana da muni ƙwarai, don haka yara su matsa. Ki mayar a wuta ya narke, ki ajiye ya huce. In ya yi baƙi ƙirin yana hayaƙi, ya wuce, a sake wani.

3. Gyara gwangwani. Ki shafa bota, ki shimfiɗa takardar gashi ninki biyu a ƙasa da gefe. Kek ne mai daɗewa a wuta, takardar ce ke hana gefensa ƙonewa kafin tsakiya ta nuna. In babu, farar takarda marar rubutu da aka shafa wa mai tana yi. Ban da jarida saboda tawada, ban da takardar buhun siminti.

4. Haɗa wutar tun kafin kwaɓi. Mai obin ta kunna a digiri 150. Mai tukunya ta zuba busasshen yashi mai kaurin yatsu uku, ta dasa ƙananan gwangwanayen tumatir uku marasa komai a ciki, ko wani abin ɗori na ƙarfe, don kada gwangwanin kek ya zauna kan yashin kai tsaye. Ta rufe, ta ɗora a garwashi minti 20. Sabon yashin rafi a wanke shi a shanya kwana biyu kafin ranar, kuma a fara ƙona shi shi kaɗai sau ɗaya don warinsa ya fita. Babu yashi, gishiri yana yi. Kada a sa jiƙaƙƙun duwatsu, suna iya fashewa.

Gwajin zafi: ki barbaɗa fulawa kaɗan a murfin gwangwani ki sa a ciki ki rufe. In bayan minti 5 ta ɗan yi ruwan ƙasa, daidai ne. In ta yi baƙi, ki janye garwashi.

5. Buga bota da sukari. Duk kyan kek a nan yake, kuma nan ne sanyi ya fi cutarwa. Botar ta yi laushin da yatsa zai shiga ba tare da ƙarfi ba. Ki ɗauraye robar da ruwan zafi ki goge kafin ki fara. Ki buga da muciya ta ɓangare ɗaya har haɗin ya yi fari, ya ƙaru, ƙarar sukari a jikin roba ta ragu. Da hannu minti 15 zuwa 20 ne, da na'ura minti 5. Ki samu wanda za ku riƙa karɓa-karɓa. Samarin gidan da ke jiran ci, ga aikinsu.

6. Ƙwai. Ki jiƙa su da ɓawonsu a ruwan ɗumi minti 10. Ƙwai mai sanyi yana daskarar da bota, sai ki ga haɗin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji. Ki fasa kowanne a kofi daban tukuna, don ɓatacce ɗaya ya isa ya jawo asarar komai. Ki zuba ɗaya, ki buga ya ɓace, sannan na gaba. In ya tsinke duk da haka, ki sa fulawa cokali ɗaya ki ci gaba da bugu, zai haɗe. Ki zuba ƙonannen sukarin.

7. Ki tankaɗe fulawa da bakar hoda, gishiri da kayan ƙamshi. Ki tsane 'ya'yan itacen a rariya, ki ajiye ruwan. Ki ɗebi fulawar cokali 3 ki barbaɗe su da ita, wannan yana taimakawa kada su taru a ƙasa. Sauran fulawar ki zuba sau uku, kina juyawa daga ƙasa zuwa sama. Bugu ya ƙare daga nan. In kika ci gaba da bugu kek zai yi tauri. Ki zuba 'ya'yan itacen ki juya. Ki ɗebo da ludayi ki karkata: ya kamata ya ɗan tsaya sannan ya faɗo da kansa. In ya ƙi faɗowa, ki ƙara ruwan jiƙon cokali ɗaya ko biyu.

'Yan Jos da kewaye, ku rage bakar hoda zuwa ƙaramin cokali ɗaya. Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a irin wannan tsayin kek yana saurin tashi kafin ya yi ƙarfi, sai tsakiyarsa ta faɗa.

8. Ki juye a gwangwani, kada ya wuce kashi biyu cikin uku. Ki shafe sama, ki ɗan lotsa tsakiya da bayan cokali don ya tashi a daidaice. Ki sa a tukunya ki rufe. Garwashin ƙasa ya zama kaɗan, a baje shi zuwa gefe-gefe, a ɗora guda shida ko bakwai a kan murfi. Ki ajiye wani garwashin yana ci a gefe don ƙari, kada ki tura baƙin gawayi ƙarƙashin tukunya.

Minti 45 na farko ba a buɗewa. Bayan nan ki ɗaga murfin a hankali kada toka ta zuba, ki juya tukunyar ɓangaren da bai samu wuta ba. In sama ya yi duhu ciki bai nuna ba, ki kwashe garwashin murfi, ki ɗora takarda a kan kek ɗin. In kika ji ƙauri, ƙasa ne ke ƙonewa, ki sauke tukunyar minti biyar. Yashin yana riƙe zafi, gashin ba zai tsaya ba. Gaba ɗaya awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu. Ki soka tsinke a tsakiya, in ya fito ba ɗanyen kwaɓi ya yi. Ki soka wuri biyu, don in tsinken ya bi ta cikin dabino zai fito da danƙo ya ruɗe ki.

Komai sanyi, kada ki shigar da garwashi ɗaki ki rufe ƙofa da taga. Hayaƙin gawayi da ba a gani yana kisa, ba ya wari balle a farga. Kuma in an gama a kashe wutar da ruwa, don lokacin gobara ne, komai a bushe yake.

9. Ki bar shi a gwangwani minti 30, ki juye, ki shafa masa sauran ruwan jiƙon cokali 2 tun da ɗuminsa. Da ya huce ki naɗe shi da takarda, ki sa a leda, ki sa a roba mai murfi. Kada a yanka a ranar. Kwana ɗaya ko biyu a naɗe ne ke sa danshin 'ya'yan itacen ya ratsa ko'ina, ƙamshin ya zauna, ya kuma yanku ba tare da marmashewa ba.

KASHI NA UKU: NAMA DA RABO

1. Gidaje da yawa suna kiran maƙwabci Musulmi ya yanka kaza ko akuyar, don kowa ya ci hankali kwance. A yi masa magana tun ranar 23, kada a tashe shi da asuba.

2. Ki tafasa naman da albasa, citta, tafarnuwa, gishiri da dunƙule, ruwa kaɗan. Ki tsame ya tsane sosai kafin suya, ki soya har ya daina kumfa, ki barbaɗa yaji da zafinsa. Ki baza shi a kwando a rufe da mayafi, ba a leda ba. Romon ki sake tafasa shi da dare, da shi za a dafa shinkafar safe. Man da aka soya cincin yana yin nama, amma wanda aka soya nama ba ya komawa cincin.

3. Wurin rabo, cincin a ledarsa, kek a tasa, nama a tasa. In aka haɗa cincin da kek a kwano ɗaya, kafin la'asar cincin ya yi laushi. Kek ɗin ki yanka da wuƙa marar haƙora da aka tsoma a ruwan zafi aka goge, kuma iya wanda za a fitar kawai, sauran a mayar a naɗe don kada iska ta busar da shi.

In ana son wani na Sabuwar Shekara, a jiƙa 'ya'yan itace a daren 28, a gasa ranar 29 ko 30. Yashin da ke tukunya a bar shi a rufe, shi za a sake amfani da shi.